Mai Akwati da Maƙeran Waje: Tarihin Hannun Gem Mai Jin Motsi



Na tabbata cikin masu sauraro akwai waɗanda da suka ga kan wannan lacca suka ce a ransu, malamin Hausa ya rasa abin faɗa sai wasan yara. Ina roƙon irin waɗannan su ara mini kunnensu na ɗan lokaci. Wasan dai na yara ne da samari, amma kuɗin da ke yawo a cikinsa sun fi kasafin kuɗin ƙasashe da dama, kuma shari'o'in da aka tafka a kansa sun shafi wata tambaya da ta dami kowane mai sana'ar hannu: idan wani ya ƙera na'ura ya sayar maka, wa ke da ikon ƙera abin da za a jona mata, wa kuma ke da ikon hana shi?

Kalmomin da za mu yi aiki da su

A Gummi da Anka da Bukkuyum, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, samari sun san gidan gem: shago ne mai benci da talabijin ɗaya ko biyu, da janareta a waje, inda ake biyan kuɗi a buga wasan ƙwallo. Waɗannan samari sun riga mu malamai raɗa wa kayan suna. Abin da ɗan wasa ke riƙewa yana dannawa, hannu suke ce masa, kuma ni ban ga dalilin da zai sa in bar wannan kyakkyawar kalma in tafi neman wata ba. Na'urar kanta da ake jona wa talabijin zan kira ta akwati. Kamfanin da ya ƙera ta, watau irin su Nintendo da Sony da Microsoft, shi ne mai akwati. Wanda kuwa ya zo daga gefe ya ƙera hannu ko wani abu don a yi amfani da shi a akwatin da ba nasa ba, shi nake nufi da maƙerin waje. Hannu mai jin motsi kuma shi ne wanda in ka karkata shi, ko ka kaɗa shi, ko ka kai naushi, abin da ke cikin talabijin zai bi motsinka ba tare da ka danna komi ba.

Darasin Atari

Akwatin farko da aka sayar don wasa a gida shi ne Odyssey na kamfanin Magnavox, a 1972, wanda Ralph Baer ya tsara. Amma wanda ya buɗe kasuwar sosai shi ne akwatin Atari na 1977. Atari ba su sa wa akwatinsu wani makulli ba, don ba su yi zaton wani zai shigo musu gona ba. A 1979 huɗu daga cikin masu tsara musu wasanni suka fice, saboda ana ƙin sa sunayensu a kan aikinsu, suka kafa Activision, suka shiga yin wasannin da ke aiki a akwatin tsohon ubangidansu. Atari ta kai su ƙara, daga baya a 1982 aka sasanta bisa sharaɗin su riƙa biyan wani kaso. Ƙofa ta buɗe ke nan.

A wannan zamani ne, cikin 1981, kamfanin Datasoft ya fito da wani hannu mai suna Le Stick, wanda ake lissafa shi cikin na farko masu jin motsi. Sanda ce kawai ba ta da gindi, a cikinta akwai zaiba, ruwan ƙarfen nan da masu haƙar zinariya a yankin Anka da Bukkuyum suka sani sarai, domin da shi ake kama zinariya daga garin dutse. In aka karkata sandar, sai zaibar ta gangara ta haɗa wayoyi biyu, akwati ya gane an nufi hagu ko dama. Bai yi kasuwa ba. Abin lura shi ne, dabarar daga waje ta zo.

Da kowa ya ga ƙofa a buɗe, sai kasuwa ta cika da wasanni marasa kyau, masu saye suka gaji, ciniki ya rushe a 1983. A wannan shekara kaɗai Atari ta yi asarar fiye da dala miliyan 500, har ta kai ga binne kayan da suka yi kwantai a wani juji a Alamogordo cikin jihar New Mexico.

Makullin Nintendo da waɗanda suka yi ta gwaji

Nintendo tsohon kamfani ne na birnin Kyoto a Jafan, an kafa shi tun 1889 yana yin katin wasa. Ya fito da akwatinsa Famicom a 1983, ya kai shi Amurka a 1985 da sunan NES. Ya ga abin da ya ci Atari, saboda haka ya dasa wani ɗan guntu a cikin akwatin na Amurka, wanda ba ya barin kowane kaset ɗin wasa ya yi aiki sai mai ɗauke da abokin wannan guntu. Duk mai son shiga sai ya nemi lasisi, ya yarda Nintendo ce za ta buga masa kaset, kuma kada ya wuce wasa biyar a shekara. Wannan shi ne tsarin da har yau masu akwati ke bi da 'yan sauye-sauye: kasuwa tasu ce, su ne sarkin kasuwa, kowa ya kafa rumfa ya biya.

Hannuwa kuwa ba a kulle su haka ba, don haka nan ne maƙeran waje suka baje basirarsu. Bandai ta yi wata tabarma da ake takawa ana gudu a kai a 1986. Da Nintendo ta ga ta karɓu, sai ta sayi haƙƙin sayar da ita a Amurka, ta sake mata suna Power Pad a 1988. Ku riƙe wannan, za mu sake ganin irinsa.

Wanda ya fi suna shi ne safar hannun nan Power Glove ta 1989, wadda Mattel ta sayar a Amurka. Asalinta wata safa ce ta bincike mai suna DataGlove ta kamfanin VPL, mai tsadar dubban daloli, aka rage mata kaya har ta dawo ba ta wuce dala 100 ba. A bayan safar akwai abubuwa biyu masu fitar da ƙara wadda kunnen mutum ba ya ji, a jikin talabijin kuma a rataya kunnuwa uku masu sauraro. Daga bambancin lokacin da ƙarar ke isa kowane kunne ake lissafa inda hannun yake. An yi mata talla ƙwarai, har a cikin fim, yara suka matsa wa iyaye aka saya. Wasa biyu tak aka yi dominta. Cikin shekara guda ta mutu. A wannan shekara ma Broderbund ta fito da U-Force, mai aiki da hasken da ido ba ya gani, ita ma ba ta kai labari ba. A 1993 Sega, babbar kishiyar Nintendo a lokacin, ta ɗauko dabarar wani kamfani mai suna Interactive Light ta fito da Activator, wani zobe mai kusurwa takwas da ake shimfiɗawa a ƙasa mutum ya tsaya a ciki yana kai duka da shuri. Zoben yana harba haske sama ya dawo daga silin, saboda haka sai a ɗaki mai shafaffen silin, ba fanka. A ɗakinmu mai rufin kwano, ko inda fanka ke juyawa, kuɗin mai saye sun tafi a banza.

Me ya kashe su duka? Wasu za su ce rashin ingancin na'ura, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ni a ganina babban ciwon yana wani wuri. Wasannin da ke kasuwa duk an tsara su ne don dannawa da babban yatsa. Hannun maƙerin waje ba abin da yake yi illa ya fassara motsin jiki ya mai da shi dannawa, kamar tafinta tsakanin mutum biyu da dama suna jin harshen juna. Don haka ɗan wasa ya sha wahala ya yi gumi, ya sami abin da yatsa ɗaya zai ba shi cikin sauƙi. Masu tsara wasa kuma ba za su ɓata kuɗi su yi wasa don hannun da mutum ɗaya cikin ɗari ya mallaka ba, mai saye shi ma ba zai sayi hannun da ba shi da wasa ba. Mai akwati kaɗai ke iya warware wannan ƙulli, domin shi ne zai iya saka hannun cikin kowane kwali.

Zamanin PlayStation 2

Sony ta shigo a 1994 da PlayStation, bayan wata yarjejeniya tsakaninta da Nintendo ta watse. Akwatinta na biyu, na shekarar 2000, an sayar da fiye da miliyan 155, Sega kuma ta bar ƙera akwati a 2001, shekarar da Microsoft ta shigo da Xbox. Yawan PS2 ya sa ko ɗan kaso kaɗan na masu shi ya isa ya riƙe maƙerin waje. RedOctane, ƙaramin kamfani mai yin tabarmar rawa, ya gane sirrin da na ambata, ya haɗa hannu da wasansa a kwali ɗaya: garaya ta roba da wasan Guitar Hero, a 2005. Ya ci riba ƙwarai, kuma cikin shekara guda Activision ta saye shi. A Ingila kamfanin In2Games ya fito da Gametrak a 2004, wanda ke auna motsin hannu da zare biyu da ake ɗaura wa safa, ana buga wasan golf da shi. Ita ma Sony ta gwada kyamararta EyeToy a 2003.

Wii

Nintendo a wannan lokaci tana cikin ƙunci. Akwatinta GameCube bai kai miliyan 22 ba. Satoru Iwata, wanda ya hau shugabancin kamfanin a 2002, ya yanke shawarar ba za su yi tseren ƙarfin inji da Sony da Microsoft ba, za su nemi mutanen da ba su taɓa riƙe hannun gem ba: iyaye mata, tsofaffi, ƙananan yara. A Nuwamba 2006 aka fito da Wii a kan dala 250, alhali PS3 da ya fito a wannan wata yana kan dala 500 da 600.

Hannun Wii kama yake da rimot ɗin talabijin. A cikinsa akwai wani ɗan guntu wanda bai kai ƙwayar wake ba, mai ɗauke da wani nauyi ƙanƙane da ke lilo tsakanin faranta. In hannu ya motsa, nauyin ya goce, wutar da ke tsakanin farantan ta canja, a lissafa ƙarfin motsin ta fuska uku. A bakin hannun kuma akwai kyamara mai ganin hasken da ido ba ya gani, tana duban fitilu biyu da ake ajiyewa bisa talabijin, da haka ake sanin inda aka nuna. Fitilun ba su da wata hikima, har mutane suka gano in sun lalace kyandir biyu ma suna yin aikin.

To, wa ya ƙera waɗannan? Guntun jin motsin na kamfanin Analog Devices ne na Amurka. Kyamarar ta PixArt ce ta Taiwan. Tun 2001 Nintendo ta karɓi lasisin wasu dabarun jin motsi daga wani kamfani mai suna Gyration. Ƙarin da aka yi wa hannun a 2009 don ya riƙa jin juyi, na InvenSense ne. Aikin Nintendo, kuma ba ƙaramin aiki ba ne, shi ne ta tattara su, ta saka hannun a kowane kwali, ta haɗa da wasan Wii Sports wanda kaka da jika za su iya bugawa cikin minti biyar. An sayar da Wii fiye da miliyan 101, ya wuce PS3 da Xbox 360 waɗanda kowannensu ya tsaya a miliyan 80 da wani abu.

Nan ne maƙeran waje suka hango dama. Masu Xbox 360 da PS3 miliyoyi ne, ba su da abin kaɗawa. In2Games ta yi shelar za ta kawo musu hannu marar waya wanda ya fi na Wii, 'yan jarida suka yi ta rubuta cewa wannan zai karya Nintendo. Kamfanin PDP ya sayi In2Games a 2008, aka sa wa hannun suna Gametrak Freedom, aka ce yana tafe. Bai taɓa isa kasuwa ba, domin kafin ya shirya masu akwatin da kansu sun sanar da nasu a watan Yuni 2009. Waɗanda suka tsaya kwaikwayon hannun Wii kuwa, Nintendo ta bi su kotu: a 2008 ta yi ƙarar kamfanin Nyko, aka sasanta bayan ya yarda ya sake fasalin kayansa. Ita ma Sony ta ɗanɗana daga ɗaya ɓangaren. Wani ƙaramin kamfani, Immersion, ya yi ƙararta a 2002 kan dabarar da ke sa hannu ya yi rawa a tafin ɗan wasa, kotu ta ci ta fiye da dala miliyan 80, PS3 kuma ya fito a 2006 da hannu mai jin karkata amma ba ya rawa, sai da aka sasanta a 2007 rawar ta dawo.

Kinect da fatar Maroko

Sony ta fito da Move a Satumba 2010, Microsoft ta biyo da Kinect a Nuwamba. Kinect ba hannu ba ne ma, ido ne. Yana watsa dubban ɗigon haske marar ganuwa cikin ɗaki, kyamara ta duba yadda ɗigon suka karkace a jikin mutum, a gane nisan kowace gaɓa. An sayar da miliyan 8 cikin kwana 60 na farko, ya kai miliyan 24 a farkon 2013. Zuciyar wannan na'ura ta wani kamfani ce na Isra'ila mai suna PrimeSense, wanda da wuya ka sami ɗaya cikin masu sayen da ya san sunansa.

Wannan labari bai kamata ya zama baƙo ga Bahaushe ba. Shekaru aru-aru majeman Kano da Sakkwato suna jeme fatar jar akuya, fatake su ƙetara Sahara da ita, Turawa su saye ta a tashoshin arewacin Afirka su kira ta fatar Maroko, su yi bangon littattafai masu tsada. Wanda ke riƙe da bakin kasuwa shi ya ci suna ya ci riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bambancin kawai shi ne, PrimeSense ta sami mai saye: Apple ta saye ta a 2013.

Ƙarshen Kinect kuma darasi ne ga mai akwati. A 2013 Microsoft ta tilasta shi cikin kowane kwalin Xbox One, farashi ya zama dala 500, PS4 kuwa 400. Masu saye suka bi Sony. A Yuni 2014 aka cire tilas ɗin, a Oktoba 2017 aka daina ƙera shi. Wii U na 2012 shi ma bai kai miliyan 14 ba. Yayi ya wuce, amma guntun jin motsi ya zauna: yana cikin hannun Switch na 2017, yana cikin hannun PS4 da PS5, yana kuma cikin wayar da ke aljihun yawancinku, shi ke juya hoto in kun kwantar da ita.

Yadda abin ya iso mu

Duk wannan yaƙi an yi shi ne don falon Amurka da Turai da Jafan. Mu abin da ya fara iso mu shi ne kwafin Famicom da ake yi a Taiwan da Sin, mai kaset rawaya da bindigar roba ta harbin agwagi, irin wanda a Rasha aka sayar da sunan Dendy tun daga 1992. Daga baya gwanjon PlayStation ya shigo ta Legas da Kano, PS2 ya daɗe yana mulki a gidajen gem kafin PS3 da PS4 su biyo.

Wii da Kinect ba su kafu a gidan gem ba, kuma dalilan a fili suke. Kinect yana bukatar fili na kimanin ƙafa shida tsakanin ɗan wasa da talabijin, hasken rana kuma yana rikita shi; mai shago kuwa a wannan fili zai iya zaunar da mutum shida masu biya. Abin da samari ke so ƙwallo ce, ta Konami ko ta EA, mutum biyu a benci ɗaya, 'yan kallo a baya suna zuga, ƙwallo kuwa da yatsa ake buga ta. Sa'an nan hannun gidan gem yana aiki ne daga hantsi har dare a tafin mutane daban-daban, dole ya zama mai araha, wanda mai gyara zai iya buɗewa ya sake masa roba ko waya. Saboda haka maƙerin waje da ya ci kasuwarmu shi ne na Sin mai yin kwafin hannun Sony, wanda ba a san sunansa ba, tare da yaron da ke gyara a bakin kasuwa da ƙarfen narka dalma. Jarin ɗan ƙaramin mai gidan gem a Gummi ya rataya ne a kan waɗannan biyun.

A nan ne nake son ma'aikatan gwamnati su saurara. PS2 ba ya bukatar intanet kafin ya yi aiki. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara a Satumba 2021 saboda matsalar tsaro, irin wannan akwati bai san an yi ba, muddin akwai mai a janareta. Sababbin akwatuna kuwa suna karɓar umarni daga iyayen gidansu ta intanet, kuma ta wannan hanya mai akwati yana iya kashe hannun da ka riga ka saya da kuɗinka. An yi hakan. A Satumba 2010 wani sabuntawa na PS3 ya sa hannuwa da dama marasa lasisi suka daina aiki, Sony ta ce don maganin jabu ne. A Nuwamba 2023 Microsoft ta fara toshe kayan da ba ta amince da su ba a Xbox. Hujjar masu akwati ba ta banza ba ce, don akwai jabun da ke ƙonewa, akwai kuma hannuwan da ake yi don maguɗi a wasa. Amma a Disamba 2023 hukumar kula da gasar ciniki ta Faransa, bisa ƙarar wani maƙeri mai suna Subsonic, ta ci Sony tarar yuro miliyan 13.5, ta ce matakan da ta ɗauka a PS4 tun 2015 sun haɗa da masu halal da masu jabu, kuma ta ƙi bayyana wa masu neman lasisi sharuɗɗanta a sarari.

Nijeriya ma tana da dokar gasar ciniki da kare mai saye, wadda aka sa wa hannu a 2019, da hukumar FCCPC mai zartar da ita, kuma dokar ta hana wanda ya mamaye kasuwa ya yi amfani da ƙarfinsa ya danne wasu. Makullin da aka fara gwadawa a akwatin wasa a 1985 yanzu yana cikin na'urar buga takarda da ke ƙin tawadar wani kamfani, da wayar da ke ƙorafi in an sa mata gilashi ko batir na waje, har da taraktocin da manoman Amurka suka daɗe suna rigima da masu su kan ikon gyarawa. Waɗannan kuwa kaya ne da ma'aikatunku ke saye da kuɗin jama'a, kuma ku ne ke rubuta sharuɗɗan kwangilar.